Yadda Ake Koya wa Ɗalibi Ya Fasa Rubutun Kimiyya da Kansa

Ka shiga aji biyu na ƙaramar sakandare a Katsina ko Daura, ka rubuta wannan jimla a allo: "Wata ƙwayar cuta mai suna falasmodiyam ce ke haddasa zazzaɓin cizon sauro, macen sauro nau'in anofilis kuma ita ke ɗaukar ta daga mutum zuwa mutum." Ka sa ajin ya karanta da ƙarfi sau biyu. Za su karanta tiryan-tiryan, ba gargada. Sannan ka tambaye su mene ne ke haddasa zazzaɓin. Amsar da za ka fi ji ita ce "sauro, Malam". Jimlar tana gabansu, ta raba aikin gida biyu, mai haddasawa daban, mai dako daban, amma yaran sun amsa da abin da suka zo da shi daga gida. Sunan cutar ma da Hausa ya taya su kuskuren.

Wannan yaron ba daƙiƙi ba ne. Ya iya furta baƙaƙe, sai dai babu wanda ya taɓa nuna masa yadda ake tsayawa a kan jimla a tambaye ta abin da ta ce. Giɓin nan shi ke bin sa har zauren jarrabawar WAEC da NECO, inda ake tambayar mai haddasa cuta a wuri ɗaya, mai yaɗa ta a wani wuri, kowane da makinsa.

Karatun tsanaki ba baƙon abu ba ne a ƙasar Katsina. Duk wanda ya zauna a makarantar zaure ya san yadda ake yi: almajiri ya ja baƙi ɗan kaɗan, layi biyu ko uku, malam ya fassara kalma bayan kalma, ba a wucewa sai an san inda kowane lamiri ya koma. Gobe a maimaita kafin a ƙara. Gajeren nassi, maimaici, da girmama kowace kalma, duk muna da su. Abin da darasin kimiyya ke buƙata a ƙara shi ne, fashin baƙin ya koma hannun ɗalibi, kuma a ba shi damar tambayar rubutun: mece ce hujjarka?

Abin da ya sa rubutun kimiyya ke wahalar da yaro

Tatsuniya tana ɗaukar mai sauraro ta kai shi ƙarshe ko da ya rasa kalma biyar a hanya, domin ya san Gizo, ya san halinsa. Sakin layi na kimiyya ba ya yin wannan sassauci. Jimla ta uku tana zaune ne a kan ta biyu, wanda ya zame a ta biyu ya faɗi gaba ɗaya. Marubutan littattafan kimiyya kuma suna da ɗabi'ar dunƙule dogon aiki cikin suna guda. Maimakon su ce "ruwa yana zama tururi ya bi iska", sai su ba abin suna ɗaya, daga nan su ci gaba da amfani da sunan kamar kowa ya san abin da ke cikinsa. Sau da yawa sukan ɓoye mai aikin, su ce "ana ɗebe zafi" ba tare da faɗin abin da ke ɗebewa ba. Ga kuma zane da jadawali da alƙaluma, waɗanda rabin bayanin yana cikinsu, yara kuwa tsallake su suke yi kamar ado. A kan duk wannan, littattafan Kimiyya da Fasaha na ƙaramar sakandare da Turanci suke, harshen da yawancin yaranmu ba sa ji sai a aji.

Zaɓen nassi

Daga nan yawancin darussa ke lalacewa tun ba a fara ba. Babi guda ba ya karantuwa da tsanaki cikin minti 40. A zaɓi sakin layi ɗaya mai jimla biyar zuwa takwas, kalmomi 80 zuwa 150 ga ƙaramar sakandare, har zuwa 250 ga babbar sakandare. Ya zama yana bayyana dalili ko tsarin aukuwar wani abu. Jerin ma'anonin kalmomi ba ya ba da abin tattaunawa, hadda kawai yake so. Kafin darasi malam ya karanta nassin sau uku shi kaɗai, ya sa alama a wuraren da yake zaton yara za su yi tuntuɓe, ya rubuta tambayoyi shida zuwa takwas tare da lambar jimlar da amsar kowace take ciki. Tambayar da bai iya nuna jimlarta ba, ya cire ta.

Dole kowane yaro ya sami nassin a gabansa yadda zai iya yi masa zane. Inda littafi bai wadata ba, a buga kwafi uku a takarda ɗaya a yanka, ko a rubuta a kan kwali da manyan baƙaƙe tun daga gida, yara su kwafa a littafinsu suna tsallake layi ɗaya tsakanin kowane layi. Kwafar a yi ta tun jiya, kada ta cinye lokacin darasi. A sa wa kowace jimla lamba. Ga misalin da za mu yi aiki da shi:

(1) Jikin randar yumɓu cike yake da 'yan kafofi waɗanda ido ba ya gani. (2) Ruwa kaɗan yakan tsattsafo ta cikinsu zuwa bayan randar. (3) Idan iska ta bi ta kan wannan danshi, sai ya zama tururi ya tashi. (4) Kafin ruwa ya zama tururi sai ya sami zafi, kuma wani ɓangare na zafin nan daga jikin randar da ruwan cikinta yake ɗebo shi. (5) Saboda haka ruwan da ya rage yakan yi sanyi. (6) Hakan ya fi faruwa a lokacin da iska take a bushe. Da damina kuwa iskar ta riga ta ɗauki laima, don haka randar ba ta sanyaya ruwa sosai.

Karatu uku, kowane da aikinsa

Gabatarwa kada ta wuce minti uku, kuma tambaya ce kawai: me ya sa ruwan randa ya fi na jarka sanyi alhali a inuwa ɗaya suke? A karɓi amsa biyu ko uku a rubuta a gefen allo, kada a ce wa kowa ya yi daidai ko ya yi kuskure. Za a ji masu cewa yumɓu ne ke da sanyi, ko kuma randa tana hana zafi shiga. A bar su a rubuce, za a dawo kansu.

Karatun farko na minti biyar ne, a ɓoye, wato a zuci, kowa da fensirinsa. Alama biyu kaɗai ake nema a wannan zagaye: da'ira a kan kalmar da ba a sani ba, da alamar tambaya a gefen jimlar da ta rikitar. Bayan an gama, kowane yaro ya faɗa wa na kusa da shi abin da nassin ke magana a kai cikin kalmomin da ba su wuce goma ba. Malam yana zagayawa yana leƙa fensira. Inda da'irori suka taru, nan darasinsa yake.

Karatu na biyu shi ne mai nauyi, a ba shi minti 12. Nan ake duba yadda aka gina maganar. Da farko a kamo lamirai da kalmomin nuni. "Cikinsu" a jimla ta 2, cikin su wa? "Wannan danshi" a jimla ta 3, wane danshi, bayan ba a ambaci kalmar danshi a baya ba? Yaro ya ja kibiya daga kalmar zuwa abin da take nufi. Wanda ya gano cewa danshin shi ne ruwan da ya tsattsafo a jimla ta 2 ya koyi wata babbar dabara ta marubutan kimiyya, wato su bayyana abu a jimla ɗaya, su ba shi sabon suna a ta gaba. Mafi wuya ita ce "hakan" a jimla ta 6, domin ba kalma ɗaya take nufi ba, jimloli uku ta haɗiye. Yara da yawa za su ja kibiyarsu zuwa "sanyi" kawai. A tsaya nan, ko da zai ci minti uku.

Sai a koma kan ƙananan kalmomin da ke riƙe da ma'ana: idan, kafin, saboda haka, kuwa, don haka. A ja layi biyu a ƙarƙashin kowace. Kalmar "kafin" a jimla ta 4 ita ce zuciyar nassin duka, tana cewa samun zafi sharaɗi ne na zama tururi. Hanya mai kyau ta nuna nauyinta ita ce a canja ta a allo. A goge "kafin" a sa "bayan", a tambayi ajin ko maganar tana nan daram. A goge "wani ɓangare" a sa "duka", a tambaya ko marubucin zai yarda. Kalmomi irin su wasu, yawanci, yakan, kaɗai, kusan, su ne inda masanin kimiyya yake auna iyakar abin da ya sani, su ne kuma yara suka fi tsallakewa. Idan nassin na Turanci ne, takwarorin waɗannan kalmomi a rubuta su a kwali tare da ma'anarsu ta Hausa, a manna a bango har ƙarshen zango.

Karatu na uku, minti 12, na hujja ne da tunani. Tambayoyin a jera su daga mai sauƙi zuwa mai zurfi. Ta ina ruwa ke fita daga randa? Daga ina tururin ke samun zafinsa? Daga nan a hau: idan aka shafa wa randa fenti mai maiƙo ciki da waje, me zai faru da ruwan, kuma wace jimla ce ta goyi bayanka? Me ya sa ruwan randa ya fi sanyi a watan Maris fiye da watan Agusta? Amsar fenti ba ta rubuce a ko'ina, sai an haɗa jimla ta 1 da ta 2 da ta 4. Doka ɗaya ce a wannan zagaye: ba a karɓar amsa sai da lambar jimla. Yarinya ta ce, "Malama, ruwan ba zai yi sanyi ba." Malama ta ce, "Madalla, nuna mana inda kika samo." Ta ce, "Jimla ta biyu, idan kafofin suka toshe ruwa ba zai tsattsafo ba." Sai a tambayi wani ko ya yarda, kuma da wace jimla.

Yanzu ne za a koma gefen allo. Wanda ya ce yumɓu ne ke da sanyi, a tambaye shi ko nassin ya goyi bayansa. Shi da kansa zai goge amsarsa. Minti takwas ɗin da suka rage na rubutu ne. A rufe nassin, kowa ya zana akwati huɗu da kibiyoyi a tsakaninsu, daga kafofi zuwa sanyin ruwa, sannan ya rubuta jimla biyu da kalmominsa. Idan akwai hali, a ɗiga wa kowa ruwa a bayan hannu ya hura, ya ji jimla ta 4 a jikinsa.

Kalmomin da yaro yake zaton ya sani

Baƙuwar kalma kamar falasmodiyam ba ta cika cutarwa ba, domin yaro ya san bai san ta ba, zai yi mata da'ira. Masu haɗari su ne na yau da kullum waɗanda kimiyya ta ba su ma'ana ta musamman. Muna cewa ƙanƙara ta narke, muna cewa sukari ya narke a shayi. A kimiyya abu biyu ne mabambanta: na farko zafi ne ya mayar da daskararren abu ruwa, na biyu kuwa sukarin ya watsu ne cikin ruwan da ke akwai. Yaron da malaminsa ya fassara masa duka biyun da "narkewa" ya wuce, zai gauraya su a jarrabawa, kuma ba laifinsa ba ne. Haka "zafi" ke ɗaukar makamashin da ke gudana daga abu zuwa abu, da kuma lambar da ma'aunin zafi ke nunawa. "Nauyi" na ɗaukar yawan abin da jiki ya ƙunsa, wanda ake aunawa da kilo, da kuma ƙarfin da ƙasa ke jan sa da shi. "Iska" tana nufin wadda muke shaƙa, da wadda ke kaɗawa, da kowane irin gas. "Ƙwaya" kuwa ta magani, ta hatsi, ta cuta, ta halitta. Turancin ma yana da irin wannan: kalmar sel tana nufin ɗakin tsare mai laifi, da batir, da ƙwayar halitta. Ko "tururi" a nassinmu na randa yana buƙatar tsayawa, domin yaro tururin tukunyar tuwo ya sani, zai ɗauka sai ruwa ya tafasa yake tashi. A tuna masa da wankin da ke bushewa a kan igiya da hunturu ba tare da wuta ba.

Kada a koyar da kalmomi fiye da uku kafin karatu, su ma sai waɗanda nassin bai bayyana ba kuma ba za a iya gane su daga mahallinsu ba. Sauran a bar yara su ci karo da su.

Kibiya, jadawali da alƙaluma

Kibiya ba ta da ma'ana ɗaya a littafin kimiyya. A zanen sarƙar abinci, gero → fara → ƙadangare → shaho, kan kibiyar yana nuna inda makamashi ya nufa, daga wanda aka ci zuwa wanda ya ci. Yara da yawa sukan karanta ta da "yana cin", su ƙare da gero yana cin fara. A zanen kewayen ruwa kibiya tafiya take nunawa, a lissafin sinadarai kuma tana nufin "ya zama". Don haka kafin a taɓa kowane zane, a sa yara su mayar da kibiya ɗaya cikakkiyar jimla da baki. Jadawali kuma ana fara shi daga take, sai kanun ginshiƙai, sai ma'auni, sannan lambobi. Lambar da ba a faɗi ma'auninta ba, ba a karanta ta ba.

Ga 'yan babbar sakandare, nassin randa yana karɓar ƙarin jimla biyu: giram ɗaya na ruwa yana ɗaukar zafi kimanin jul 2,400 (jul ma'aunin makamashi ne) kafin ya zama tururi a yanayin ɗaki, kuma ana buƙatar cire jul 4.2 daga giram ɗaya na ruwa don zafinsa ya sauka da digiri ɗaya. A tambaye su ruwa nawa zai tashi kafin randa mai lita 20 ta sauka da digiri ɗaya. Lissafin yana ba da jul 84,000, wato kimanin giram 35, cokalin shayi bakwai ke nan. Sai a tambaya: me lissafin nan ya yi watsi da shi? Mai karatu da tsanaki zai koma kan "wani ɓangare", ya kuma tuna cewa zafin waje yana ci gaba da shiga randar.

Raba abin da aka gani da abin da aka yanke

Wannan shi ne matakin da ya fi daraja, kuma akwai tsohon gwaji da ya dace da shi. A ƙarni na 17 wani masani mai suna Van Helmont, daga yankin da yake Beljiyam a yau, ya dasa ɗan icce mai nauyin kilo biyu da 'yan kai a cikin busasshiyar ƙasa mai kusan kilo 90. Shekara biyar yana ba shi ruwa kawai. Da ya auna, iccen ya kai kusan kilo 77, ƙasar kuwa ba ta ragu da fiye da giram 60 ba. Sai ya yanke cewa daga ruwa kaɗai iccen ya sami jikinsa. A rubuta labarin cikin jimla shida, a sa yara su ja layi ɗaya ƙarƙashin abin da ya auna, layi biyu ƙarƙashin abin da ya yanke. Awonsa ya isa ya rushe zaton cewa tsiro ƙasa yake ci, zaton da ɗan manomi yake zuwa da shi aji saboda ya ga amfanin taki da idonsa. Amma awon bai isa ya tabbatar da "ruwa kaɗai" ba, domin bai auna iska ba, kuma daga iskar kabon dayoksaid tsiro ke samun babban kaso na busasshen jikinsa. Yaron da ya gano wannan rami da kansa ya fara karatu irin na masana.

Inda abin ke lalacewa

Babbar matsala ita ce tausayin malam. Yana ganin yara sun yi shiru suna fama, sai ya fara bayani. Da zarar ya bayyana nassin kafin a karanta, babu sauran dalilin karantawa, yara sun koyi cewa idan suka yi jira amsa za ta zo. Bayan tambaya a ƙirga goma a zuci kafin a kira kowa. Idan an cije, a taƙaita wurin nema, a ce "duba jimla ta huɗu", kada a ba da amsar.

Karatun amshi, inda aji duka ke bin malam da murya, yana ɓoye wanda bai iya ba. Yana da amfani wajen gyara furuci, amma bayan karatun ɓoye. Akwai kuma tambayar da ake amsawa da farautar kalma: yaro ya ga "kafofi" a tambaya, ya nemi "kafofi" a nassi, ya kwafe jimlar sukutum. Maganinta a yi tambayar da wasu kalmomi, a kuma hana kwafar fiye da kalma uku a jere. Wasu yaran kuma sukan ja layi ƙarƙashin komai. A ƙayyade musu, kalmomi biyar kacal a sakin layi, su kuma kare zaɓinsu.

Batun harshe yana buƙatar tsari. Fassara nassin Turanci gaba ɗaya zuwa Hausa tun farko yana cire wa yaro aikin da zai yi shi kaɗai ranar jarrabawa. Hana Hausa a aji kuma yana kashe tattaunawar. Abin da ke aiki shi ne a karanta da Turanci, a yi muhawara tsakanin yara da Hausa, a nuna hujja daga jimlar Turanci, a rubuta amsa da Turanci. Yaron da ya kasa bayyana jimlar da Hausa bai gane ta ba, ko da ya haddace ta.

A aji mai yara 70 ko fiye, benci shi ne rukuni. A tabbatar kowane benci yana da mai ɗan ƙarfin karatu, amma a riƙa kiran amsa daga kowa, ta hanyar kiran lambar benci da matsayin zama, don kada mutum ɗaya ya ɗauke aikin. Waɗanda har yanzu ba sa iya haɗa baƙi, karatun tsanaki ba zai maye musu gurbin koyon karatu ba, suna buƙatar nasu lokacin daban. Kafin nan malam ya karanta musu nassin da murya sau ɗaya suna bi da yatsa, domin su shiga tattaunawar.

Ba kowane darasi ake yi wa haka ba, manhaja ba za ta ƙare ba. Sau ɗaya a mako ya isa, a kan sakin layin da sauran babin ya dogara da shi. Ɗalibai masu neman shaidar malanta a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina ko ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma suna iya gwada tsarin a lokacin koyarwar gwaji, su kawo takardun yara a duba tare da masu sa musu ido. Duba takardun ba ya buƙatar maki. A raba su kashi uku: waɗanda suka kawo sarƙar dalili cikakkiya, waɗanda suka tsallake mataki ɗaya, da waɗanda suka kwafa ko suka koma kan tsohon zatonsu. A kashi na biyu a duba wane mataki aka fi tsallakewa. A nassin randa kusan kullum jimla ta 4 ce, yara su tashi daga tururi su dira kan sanyi ba tare da ambaton zafi ba. Idan haka ta fito, nassin mako mai zuwa ya zama a kan gumi da yadda yake sanyaya jiki, da kalmar "kafin" a tsakiyarsa.